Tayil da Fenti Ba Sa Jinya: Yadda Ake Gane Gidan Kula da Tsofaffi Nagari a Abuja

A Abuja maganar kai tsoho gidan kula da tsofaffi ƙasa-ƙasa ake yin ta. Bahaushe ya tashi da sanin cewa uwa da uba a gaban 'ya'yansu suke tsufa, ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce musu ko da "uf" kuwa kowa ya ji ta tun yana yaro. Shi ya sa wanda ya kai mahaifiyarsa irin wannan gida yake jin kamar ya jawo wa kansa gori na har abada. Amma ana kai su. Ga ma'aikaci yana fita daga Kubwa ko Lugbe da an idar da sallar asuba don kada cunkoso ya rutsa da shi, matarsa ita ma tana aiki, 'yan'uwa sun warwatsu tsakanin Kano, Legas da ƙasashen waje. Sai Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, asibiti ta sallame shi da robar fitsari da robar abinci ta hanci. Wannan mutum ba rashin imani ne ya sa shi neman gida ba. Abin da ke damuna shi ne kunyar nan tana hana mutane tambaya. Mai jin kunya ba ya tsayawa bincike, so yake ya sa hannu a takarda ya fice kafin wani ya gan shi. A cikin wannan gaggawa ake cutar tsofaffinmu.

Kafin komai, a san cewa gidajen nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aikinsa masauki ne da abinci da taimakon wanka, ya dace da tsohon da ke tafiya da ƙafarsa, hankalinsa kuma yana jikinsa. Akwai kuma gidan jinya, inda ake wanke gyambo, a canza roba, a yi allurar ciwon suga, a lura da wanda ba ya iya juya kansa a gado. Allon bakin ƙofa ba ya bambanta su, mai gida kuma ba safai yake ce maka ciwon mahaifinka ya fi ƙarfinsa ba, tunda kuɗin wata yake hange. Don haka kafin a fara yawon duba gidaje, a roƙi likitan da ya sallami majinyacin ya rubuta dalla-dalla abin da yake buƙata a kullum: wane magani, ƙarfe nawa, wa ya isa ya ba shi, sau nawa za a juya shi, wane irin abinci zai iya haɗiya. Da wannan takarda ake auna gida.

Abu na farko da za a nuna maka a ofis shi ne satifiket ɗin hukumar CAC a cikin gilashi. Wannan shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kasuwanci rajista, irin ta ce mai shagon sayar da siminti yake da ita. Gidan da ke yin jinya cibiyar lafiya ce, a Abuja kuwa akwai kwamitin da ke yi wa cibiyoyin lafiya masu zaman kansu rajista da sa musu ido, wato PHERMC, ƙarƙashin sakatariyar lafiya ta Birnin Tarayya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta ce sai da takardar shaidar cika ƙa'ida za a gudanar da cibiyar lafiya. A nemi ganin rajistar, a duba shekarar da ke jiki, a duba ko adireshin da aka rubuta shi ne gidan da kake tsaye a ciki. Sannan lasisin mutane: nas tana da lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya da ake sabuntawa lokaci-lokaci, likita kuma yana da na hukumar likitoci, MDCN, na shekara-shekara. Farar riga ba lasisi ba ce. Akwai 'yan mata da yawa da suka koyi allura a kemis ko a asibitin kuɗi ba su taɓa shiga makarantar jinya ba, hukumar ba ta san da su ba, amma kowa "Sista" yake ce musu. Wasu cikinsu masu tausayi ne ƙwarai, kuma aikin wanka da ciyarwa suna yin sa da kyau. Matsalar tana zuwa ne idan aka bar musu hukuncin da sai wanda ya yi karatun zai iya yankewa.

Gwamnati ta fara motsi a wannan fanni, sai dai tafiyar da saura. An yi dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa mai kwanan 2017, cibiyar ta fara aiki a Abuja a 2021 ƙarƙashin Dokta Emem Omokaro, a shekarar ne kuma Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Amma har yau babu shafin da ɗan Najeriya zai buɗe a wayarsa ya karanta rahoton binciken da aka yi wa gida kaza, ya ga laifin da aka kama shi da shi.

A wasu ƙasashe akwai irin wannan, kuma abin da ya faru da su darasi ne gare mu. Tun Disamban 2008 hukumar CMS ta Amurka take ba gidajen jinya tauraro ɗaya zuwa biyar, bisa abu uku: abin da masu bincike suka tarar, yawan ma'aikata, da alƙaluman lafiyar mazauna kamar faɗuwa da gyambo. Shekaru da dama gidajen ne da kansu suke faɗin yawan ma'aikatansu. Da aka koma duba takardun biyan albashi a 2018, sai ta bayyana cewa yawancinsu ba su da adadin da suka faɗa, ranakun Asabar da Lahadi kuwa abin ya fi muni. A Ingila hukumar CQC ce ke bincike tun 2009, tana wallafa rahoto kowa ya gani. Duk da haka a 2011 sai da wakilin BBC ya shiga da ɓoyayyiyar kamara wani asibiti mai suna Winterbourne View kusa da Bristol, inda ake kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, kafin duniya ta ga duka da azabar da ake musu. Wani babban nas ya riga ya kai ƙara hukumar ba a saurare shi ba. Daga baya kotu ta hukunta ma'aikata 11. Idan ƙasashen da ke da masu bincike da albashi da motoci ana iya rufe musu ido haka, mu da ba mu da rahoton ma, dole iyali su zama masu binciken kansu. Gani ya kori ji.

Ni a ganina duk binciken a kan tambaya ɗaya yake tsaye: hannu nawa ne ke aiki da tsakar dare, kuma hannun su waye? Zancen yakan tafi kamar haka.

"Sista, mutum nawa ke kula da su?"

"Hajiya, ai ma'aikatanmu sun kai goma sha biyar."

"Masha Allah. Jiya da ƙarfe biyun dare fa, su nawa ne a farke?"

A nan ake fara inda-inda, domin goma sha biyar ɗin har da maigadi, direba, mai girki da mai shara. A yi lissafi mai sauƙi. A ɗauka gida yana da tsofaffi ashirin, takwas ba sa iya juya kansu. Ƙa'idar da aka saba da ita a jinya ita ce a juya irin wannan majinyaci kusan duk awa biyu. Juyawa da duba fata da canza famfas ba sa ɗaukar ƙasa da minti goma, mai nauyi kuma sai mutum biyu. Minti tamanin ke nan a cikin kowace awa biyu, ba a taɓa sauran sha biyun ba, waɗanda wani zai nemi banɗaki, wata ta ruɗe ta tashi za ta tafi gida. Idan yarinya ɗaya ce ke kwana da su, ko waliyyiya ce ba za ta iya ba. Wani bincike da gwamnatin Amurka ta fitar a 2001 ya nuna cewa idan lokacin kulawar da kowane mazauni ke samu a yini ya gaza kimanin awa huɗu, cutarwa takan fara bayyana. Ba lallai gidan Abuja ya kai wannan mizani ba, amma ya kamata mai biyan kuɗi ya san nisan da ke tsakani. A nemi ganin jadawalin aiki na makon da ya wuce da littafin sa hannun zuwa aiki, a gwada su da juna.

Bayan yawa sai daɗewa. A farkon 2024 hukumar jinya ta ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, waɗanda suka rage kuma manyan asibitoci ne ke fara ɗauke su. Masu wanka da ciyarwa su ma ba sa zama inda ake biyan su ƙasa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ga kuɗin mota daga Mararaba ko Suleja yana cinye abin da suka samu. Ka ja ɗaya daga cikinsu gefe cikin mutunci ka tambaye ta tun yaushe take gidan, kuma ana biyan su a kan lokaci. Wadda ta shekara biyu tana yi wa Inna wanka ita ce za ta lura yau Inna ba ta amsa gaisuwa kamar kullum ba. Baƙuwar da ta zo shekaranjiya ba ta san yadda Inna take ba balle ta ga canji. A wurin tsoho kuwa sau da yawa ciwon fitsari ko na huhu ba da zazzaɓi yake fara nuna kansa ba, da ruɗewa da ƙin abinci yake farawa.

Jikin mazauna gidan ya fi kowace takarda faɗin gaskiya, kuma a nan nake so mai karatu ya daɗe. Gyambon kwanciya yana fitowa ne inda ƙashi ya danne fata a kan katifa har jini ya daina gudana: ƙugu ta baya, gefen kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, wani lokaci bayan kai. Cikin 'yan awoyi yake iya farawa. Littattafan jinya da yawa sun ce a nemi ja a fata, amma wannan bayanin farar fata ne. A fatarmu wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya riƙa sheƙi, idan ka taɓa ka ji ya fi sauran jiki ɗumi ko tauri. Ma'aikaciyar da ke jiran ta ga ja sai fata ta fashe za ta ankara. Idan naka yana gidan, ka zauna a ƙarshen gado, ka yaye zanen, ka ɗaga ƙafar a tafin hannunka ka duba bayan dunduniya da fitilar waya. A gida nagari za ka tarar an sa matashi a ƙarƙashin sangali, dunduniyar tana lilo ba ta taɓa katifa, zanen gado a bushe ba ƙudundune ba, kuma a jikin gadon akwai takardar da ake rubuta lokacin juyawa da sa hannu. Ka duba takardar da kyau. Idan biro ɗaya da hannu ɗaya ne suka cike yini guda a jere, har da awannin da ba su zo ba tukuna, a zaune aka cike ta. Gyambon nan idan aka bar shi yana ci har ƙashi, ƙwayoyin cuta su shiga jini, kuma yana kisa. Ba kowane gyambo ne laifin gida ba, akwai wanda aka taho da shi daga asibiti, akwai na mai gab da cikawa. Shi ya sa gida mai hankali yake duba jikin baƙo tun ranar farko a gaban iyalinsa ya rubuta abin da ya gani.

Ka je lokacin cin abinci, ka tsaya a gefe ka yi shiru. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye haɗiya takan yi masa wuya, ruwa tsararo ma ya fi kunu mai kauri saurin sarƙe shi. Sai an zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye, bayan ya gama a bar shi a zaune kamar rabin awa. Idan ka ga ana ɗura wa mutum kunu yana kwance, yana tari ana ƙara masa cokali, to abinci huhunsa yake tafiya, ciwon huhun da zai biyo baya kuma za a ce tsufa ne. Ka lura da kwanon da aka ajiye a gaban wanda ba ya iya kai hannu baki, bayan wani lokaci a zo a ɗauke a ce ba ya jin yunwa. Ka tambaya ko suna da ma'auni, kuma ko suna rubuta nauyin kowa duk wata. A aikin jinya raguwar kashi 5 cikin 100 a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida, alamar haɗari ce. Mai kilo 60 ya sauke kilo 3 a wata ke nan. Ruwan sha kuma ya kasance kusa da hannu. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, kuma a inda ma'aikata suka yi kaɗan akan rage masa ruwa da yamma don kada a yi ta canza famfas da dare. Busasshen harshe da tsattsagen leɓe suna tona wannan. Warin fitsari na ɗan lokaci ba abin mamaki ba ne a gidan jinya. Wanda ya kama labule da katifa, ake bi da turaren wuta ana dannewa, shi ne abin tsoro.

Akwai wani shiru da bai kamata ya burge kowa ba. Idan ka shiga falo da hantsi ka tarar da tsofaffi a jere kowa ya sunkuyar da kai yana gyangyaɗi, yawu na zuba, ka tambayi abin da aka ba su. Mai ciwon mantuwa yana yawo, yana faɗa, yana kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa, kula da shi sai haƙuri da yawan hannu. Hanya mafi arha ita ce a ba shi maganin barci ko na masu taɓin hankali ya lafa. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan sababbin magungunan taɓin hankali a 2005, ta haɗa da tsofaffin magungunan irinsu haloperidol a 2008, saboda suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Irin su diazepam kuma suna jawo jiri da faɗuwa. Akwai lokacin da likita zai ga dole a ba da su, amma likita ne zai rubuta, da dalili, da ranar sake dubawa, kuma iyali su sani. Ka nemi takardar maganin naka ka gwada ta da wadda asibiti ta rubuta. Duk ƙwayar da ta ƙaru, a gaya maka wa ya rubuta ta. Haka ɗaure mutum da zane a jikin kujera ko gado da sunan kada ya faɗi. Wanda aka ɗaure ƙarfinsa yana ƙarewa, yana iya shaƙewa wajen ƙoƙarin kwancewa, ga wulaƙancin da ke ciki ga dattijon da jiya shi ne mai faɗa a ji a gidansa.

Tarihin lafiyar gida a rubuce yake, idan ana rubutawa. Mutane sukan ji daɗi idan aka ce musu "a nan ba a taɓa faɗuwa ba". Ni wannan amsar ita ta fi tayar mini da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kimanin 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura sittin ne suka fi yawa a ciki. Gidan da ya tara tsofaffi masu jiri da raunin ƙafa har shekara ta zagayo ba wanda ya faɗi, ko dai ba ya rubutawa, ko kuma ba ya barin kowa ya tashi. Gidan da na fi yarda da shi shi ne wanda shugabarsa za ta ɗauko littafi, ta rufe sunaye da hannu, ta ce ga waɗanda suka faɗi bana, wannan a banɗaki ne da asuba, bayan nan muka kafa ƙarfen dafawa muka bar fitila a kunne. A tambaya kuma: cikin shekarar nan mutum nawa aka garzaya da su asibiti, da wane ciwo? Nawa suka rasu, a gidan ko a asibiti? Mutuwa a gidan tsofaffi ba laifi ba ce, kowa da kwanansa. Ƙin amsa tambayar ne ke nuna akwai abin ɓoyo. Sannan a nemi a haɗa ka da iyalan da nasu ke ciki, idan da hali har da waɗanda suka cire nasu. Maigadin maƙwabta da mai shagon bakin layi ma sun san abin da ake ji daga gidan da dare.

Ginin kansa ba ya buƙatar dogon bayani, ido ya isa, sai dai a san inda za a duba. Da yawan gidajen nan gidan haya ne da aka gina wa iyali ɗaya, mai bene, kowace taga da ƙarfe, ƙofa ɗaya ta fita. Idan wuta ta tashi ƙarfe uku na dare, wa zai sauko da mutum shida marasa tafiya daga sama, kuma a hannun wa makullin yake? A Janairun 2014 gobarar dare ta kashe mutum 32 a wani gidan tsofaffi a lardin Kebek na Kanada, ƙasar da motar kashe gobara ba ta rasa ruwa. A duba kwanan watan da ke jikin tukunyar kashe gobara, a duba inda aka ajiye tukunyar gas da jarkokin man janareta. Tayil mai santsi a banɗaki tarko ne. Zafi kuma a Abuja ba ƙaramin abu ba ne, a Maris da Afrilu yana kusantar digiri 40, jikin tsoho kuwa ba ya iya sanyaya kansa yadda ya kamata. A Satumban 2017, bayan guguwar Irma ta lalata wutar na'urar sanyaya ɗaki a wani gidan jinya a Florida, zafi ya kashe mutum 12, alhali ga asibiti a tsallaken titi. Don haka tambayar janareta da sola tambayar rai ce: awa nawa ake kunnawa, da dare fa, kuma firij ɗin da ake ajiye allurar insulin, wadda ke son sanyin digiri 2 zuwa 8, a kan wace wuta yake? Ruwa na burtsatse ne ko sai an jira tanka? Kuma idan numfashin wani ya sarƙe da dare, akwai mota da direba a harabar, wane asibiti za a nufa, minti nawa ne, wa ke riƙe da kuɗin da za a ajiye kafin iyali su iso? Wanda ke bayan Kuje ko Bwari lissafinsa daban da na wanda ke kusa da Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada.

Akwai abin da ma'aunin Turawa ba zai auna mana ba. Tsohuwar da ta yi shekara saba'in ba namijin da ya ga gashin kanta sai muharraminta, idan aka turo saurayi ya yi mata wanka an cutar da ita ko da jikinta ya fita fes. A tambaya tun farko ko mata ne ke kula da mata, ko ana rufe ƙofa lokacin tsarki. Wa zai taimaka wa Baba da alwala ko taimama, ya juya shi ya fuskanci alƙibla, ya gaya masa la'asar ta yi? Idan Kirista ne, ana barin fasto da 'yan zumunta su shigo? Harshe ma magani ne. Mai ciwon mantuwa yakan zubar da harsunan da ya koya da girma ya koma na ƙuruciya, sai ka ga tsohon babban sakatare da ya yi aiki da Turanci duk rayuwarsa ba ya jin komai sai Hausa ko Fulatanci. Idan babu mai jin harshensa a kowane zagayen aiki, zai ce cikinsa na ciwo a rubuta cewa yana rigima. Wanda ya saba da tuwo miyar kuka da fura kuma ba zai ci taliya kullum ba, rama za ta biyo baya. Ka saurari yadda ake kiransu: "Baba", "Mama", "Hajiya", ko kuwa "na gado uku". Ka kalli fuskar tsoho lokacin da ma'aikaci ya matso kusa da shi, ko ya saki jiki ko ya ƙanƙame.

Maganar cin zarafi ba zato ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama ya fuskanci wani nau'in cin zarafi cikin shekara guda a cikin al'umma, a gidajen kulawa kuma biyu cikin uku na ma'aikatan da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani abu makamancin haka. Yawanci tsawa ce, da watsarwa, da finciko, daga mutanen da aiki ya fi ƙarfinsu. Na farkon alƙaluman kuma yana tuna mana cewa ajiye tsoho a gida da 'yar aiki ɗaya ba shi ne tabbacin aminci ba. A Abuja dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 tana aiki, hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ce ke kula da aiwatar da ita. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai kundin haƙƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018, kuma ƙarar nas ko likita tana zuwa hukumar da ta ba shi lasisi. Gidan da ya ƙayyade ziyara awa biyu ranar Lahadi, ko ya ce sai an bugo waya kafin a zo, ko ma'aikaci ya tsaya a kanku ba zai bar ka ka keɓe da mahaifinka ba, a nisance shi komai kyansa.

Takardar yarjejeniya a kai ta gida a karanta, kada a sa hannu a tsaye. A ga me kuɗin wata ya ƙunsa, famfas da safar hannu da kayan wanke gyambo da zuwan likita suna ciki ko daban ake biya, kwana nawa ake ba da sanarwa kafin ƙarin kuɗi ko sallama, kuma me zai faru idan biya ya yi jinkiri. A rubuta sunan wanda za a kira da dare da wanda ke da ikon yanke hukunci, don kada Yaya na Kano da ƙanwa ta Landan su yi ta ja-in-ja majinyaci yana jira. Katin banki da takardun fansho da na fili su zauna a hannun iyali. Maganar rasuwa ma a yi ta tun yanzu, duk da nauyinta: a sanar nan take, kada a taɓa gawa sai nata sun zo, kada a riƙe ta saboda bashi, tunda mu ba ma kwana da mamaci idan da hali.

Zaɓen gida rabin aikin ne, domin gida yana canzawa. Shugabar jinya ɗaya ta ajiye aiki, cikin wata biyu komai ya sukurkuce. 'Yan'uwa su raba kwanaki a tsakaninsu, wani ya je da asuba, wani bayan isha'i, wani ranar Lahadi ko ranar salla lokacin da ma'aikata suka ragu, kuma kada a saba da lokaci ɗaya. A san masu kula da shi da sunayensu, a gaishe su, a gode musu, domin aiki ne mai nauyi da ba kowa zai iya ba, kuma wadda aka mutunta ita ce za ta raɗa maka gaskiyar abin da ya faru daren jiya. Idan aka ga tabo, ko kumburi, ko gyambo, ko barcin da ba a saba gani ba, a ɗauki hoto da kwanan wata, a nemi bayani a rubuce, a kawo likita daga waje ya duba a ranar. Idan bayanin bai gamsar ba, a ɗauke shi ko da kuɗin watan bai ƙare ba, a karɓi kwafin takardun maganinsa kafin a fita, sannan a kai ƙara hukuma saboda sauran tsofaffin da aka bari a ciki, waɗanda wasunsu ba mai zuwa duba su.